Tsuntsuwar Hajiya Shaffiat

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda ke ɓoye rabon bawa inda Ya so, sannan Ya shiryar da ƙafarsa zuwa wurin. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, a wani tsibiri mai nisa, a dajin da ke saman ƙauyen Lopinot, akwai gajerar turba mai ratsa tsofaffin itatuwan koko, inda masu sha'awa kan ɓoye ƙananan akwatuna domin wasu su nemo da taimakon taswirar waya. Kowanne na ɗauke da ɗan littafi da hatimin roba sassaƙar hannu. Wanda ya gano sai ya buga hatimin a takardarsa, ya buga nasa a littafin, ya mayar da komai. Imtiaz, malamin makaranta, bai san wannan ƙa'ida ba ranar da matasan masallaci suka fita yawo, wata budurwa mai suna Zorida ta iske shi yana tonon gindin gora.

"Malam, rogo ake nema?"

"Akwati nake nema, 'yar'uwa. Wayata ta ce kusa da gora."

"To ka gaida wayar. Rabin dajin nan gora ne."

Ta wuce tana dariya, zuciyarsa ta bi ta. Sai da kowa ya gangara ya gano akwatin a ƙarƙashin saiwar koko. Ya ga hatimi mai siffar wata 'yar tsuntsuwa mai shan ruwan furanni, ya zaci tukwici ne, ya jefa aljihu.

Ba a jima ba saƙonni suka fara kai-komo tsakaninsa da Zorida.

"Mai tonon rogo, an dace kuwa?"

"Na dace da abin da ya fi akwati. Yaushe zan gaida Abba?"

Haji Yacoob, mahaifinta, ya karɓe shi da fara'a. Bayan an ci roti, wato gurasarsu, Imtiaz ya fito da hatimin a matsayin kyauta ga Zorida. Nan take Haji ya gane shi. Marigayiya Hajiya Shaffiat, mahaifiyarta, ita ta sassaƙa shi a ciwonta na ajali, suka ɓoye shi inda ita da Haji kan huta. Tun da aka tarar da akwatin babu shi, dattijon bai daina jimami ba.

Haji ya ce, "Wanda bai bar abin da ya tarar a daji ba, shi zan danƙa wa amanar 'yata? Ga ɗan ƙanwata mai kantin magani a garin Chaguanas yana jira."

Da yamma Zorida ta rubuta: "Ɓarawon tsuntsu, ni ban fasa ba. Amma ba a lallashin Abba da daɗin baki."

Ya amsa: "Tsuntsuwata, faɗa mini irin wuƙar da Umma take sassaƙa da ita."

Bayan wasu makwanni ya dawo, ya nemi gafara, ya roƙi a mayar da hatimin a gaban Haji. Dattijon, da ciwon gwiwa ya hana shi hawa tun rasuwar matarsa, ya ɗauki sandarsa. A hankali suka hau, yana dafe da kafaɗar saurayin, Zorida na biye. Haji ya ajiye tsuntsuwar a mazauninta, ya yi addu'a.

"Ina naka? Ba a rufe akwati sai baƙo ya buga nasa."

Imtiaz ya fito da hatimin da ya sassaƙa da kansa, yatsunsa ɗaure da filasta, ya buga. Haji ya gyara tabarau.

"Wannan kaza ce ko agwagwa?"

"Tsuntsuwa ce, Abba."

"Wadda mota ta bi ta kai," in ji Zorida.

Dattijon ya yi dariya har da hawaye. "Wallahi na farkon mahaifiyarki ya fi wannan muni." Ya kama hannun saurayin, ya daɗe yana duban yankan wuƙar. "Yanzu ka san nauyin abin da ka ɗauka, ɗana. Turo magabatanka."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure, kuma Haji da kansa ya dage sai an buga agwagwar a kowane katin gayyata.

Allah Ya sanya albarka a gidansu. Ya jiƙan Hajiya Shaffiat da dukan mamatanmu, Ya haskaka makwancinsu. Kai kuma mai karatu, Allah Ya haɗa ka da rabonka na alheri. Amin.