Kujerar Ƙarshe a Jirgin Shamuwa

A zaune aka fito da Fadila daga mota, a zaune kuma aka shigo da ita gidan mahaifinta, Alhaji Nu'uman, a cikin garin Daura. Ƙafafunta sun ƙi miƙewa. Hannayenta biyu na kan cibiyarta kamar mai riƙe da bel ɗin kujerar jirgi, idonta a buɗe, ba ta kallon kowa.

Uwarta, Hajiya Kubura, ta durƙusa tana kiran sunanta. Ta shafa mata ruwa, ta tofa mata addu'a. Yarinya ko gezau.

"Lafiya lau ta hau a Abuja," in ji Kalilu, ƙanin Alhaji, wanda ke kula da lodin fasinja a kamfanin jirgin yayansa. "Har tsokanata ta yi, wai tumbina ya fi ƙarfin bel. Da muka sauka Katsina kowa ya fita, ita ba ta tashi ba."

Alhaji na tsaye a bakin ƙofa, bai matso ba. "Ai jirgin yau a cike yake. Ina ka samo mata wuri?"

"Kujerar ƙarshen nan mana, ta jikin taga, wadda kullum kake cewa ta lalace. Na girgiza ta da hannuna, Yaya, ƙalau take. Yarinya ta gama jarrabawa tana son gida, ga kujera a banza, sai in bar ta a Abuja?"

Alhaji bai yi faɗa ba. Ya zauna a ƙasa, nan inda yake tsaye, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Ku da kuka taɓa hawa jirgin Shamuwa kuka ga kujerar nan babu kowa, bari in faɗa muku mai ita.

Nu'uman ɗan tasha ne. Da kamasho ya fara, yana kiran fasinjan Kano, har ya mallaki motocinsa. Lokacin da hanyar Abuja ta fara ba mutane tsoro, ya lura kowa na son jirgi amma aljihu ba ya kaiwa. Sai ya sayar da motocin, ya ɗauko hayar tsofaffin jirage biyu, ya sa wa kamfanin suna Shamuwa. Babu abinci a ciki, babu kujerar manya, kaya kuma sai ƙaramar jaka. Farashin kaɗan ya ɗara na babbar motar haya. 'Yan kasuwa suka yi ca, ɗalibai suka yi ca, har tsofaffin da ba su taɓa shiga jirgi ba sai ranar Hajji.

Ana cikin haka kamfanin Gauraka ya shigo hanyar da sababbin jirage. Suka karya farashi ƙasa da nasa, suka ƙara da ruwan gora da cincin. Kafin damina ta zagayo jiragen Nu'uman na tashi rabi babu kowa. Ɗan tasha kuwa zai iya jure yunwa, amma ba zai iya kallon abin hawansa ya tashi da gurbi ba.

Haka ya tsinci kansa wata rana da tsakar rana a dajin da ke bayan garin Babban Mutum, dab da iyakar Nijar, inda mota ba ta shiga sai babur. Akwai wata tsohuwar kuka mai kogo a wurin. An ɗaure gindinta da jan ƙyalle da ya koma baƙi saboda jini. Tukwane a kife sun kewaye ta, a kan kowace an soke gashin tsuntsu. Ko ƙuda babu a wurin. Wani boka, Maliki, na zaune a bakin kogon yana cin gyaɗa, siriri, cikin tsohuwar rigar sanyi.

"Mai jirgi ya zo a kan babur," in ji bokan. "Zauna, Alhaji. A nan ba a yankar tikiti."

"So nake jiragena su cika, na Gauraka su bushe."

"Za su cika. Me za ka bayar?"

"Kuɗi, shanu, abin da ka ce. Amma ban da jinin mutum. Ba na ba da kowa nawa."

"Wa ya tambaye ka mutum?" Maliki ya hure ɓawon gyaɗa daga tafinsa. "Wanda zai yi maka aikin ya gaji da tafiya a iska ne. Wurin zama yake so. Kujera ɗaya a kowane jirgi, ta ƙarshe, ta jikin taga. Ba ka sayar da ita, ba ka ba kowa."

"Shi ke nan?"

"Ya yi maka tsada ne? In rage?"

Nu'uman ya yi dariya. Bokan ya sa hannu cikin kogon ya jawo shamuwa a raye, an ɗaure mata baki da zare. Nan dariyar ta tsaya, domin tun yana yaro ya san ba a taɓa tsuntsuwar nan mai zuwa da albishirin ruwa. Bokan ya miƙa masa wuƙa. "Kai ka sa sunanta a jikin jirgi. Kai za ka yanka." Ya yanka, ba da bismilla ba. Jinin ya zuba a ƙwarya, bokan ya tsoma masa tafin hannu a ciki, ya manna a jikin kukar. Bawon itacen ya shanye shi kamar busasshiyar ƙasa.

Aiki ya ci. Tsuntsaye suka riƙa faɗawa injin jiragen Gauraka, matuƙansu suka riƙa ajiye aiki, fasinja suka gaji da kwana a filin jirgi suka dawo Shamuwa. Jirage biyu suka zama garke. Aka buɗe hanyar Legas, da Sakkwato, da Yola. Alhaji ya sa aka rufe kujerar a na'urar sayar da tikiti, ya ce ta lalace, ya kwantar da hankalinsa cewa babu baƙon da zai iya sayenta. Bai faɗa wa Kalilu gaskiya ba. Da wane baki zai faɗa?

Washegarin ranar da aka kawo Fadila, likitoci suka duba ta suka ce ba su ga komai ba. Malamai suka yi ruƙiyya har muryarsu ta dushe. Alhaji ya hau babur ya koma gindin kuka.

"Ka ce ban da mutum," ya ce.

"Kai ka ce. Ni cewa na yi kada a ba kowa." Maliki bai ko ɗago ba. "Na san ku 'yan tasha, Alhaji. Ko gawa kuka ɗauko sai kun ce ta matsa. Ka hana baƙo saye, to wa ya rage da zai zauna a kyauta in ba ɗan gida ba? Mai kujera ya zo ya tarar da ita a wurinsa. Shi ya sauko da gangar jikinta, ita kuma tana can sama. Duk lokacin da jirginka ya tashi, da ita yake tashi."

"Yaya za a yi ta sauko?"

"Yadda kowane fasinja ke saukowa. Ka ajiye jiragen duka a ƙasa, ka rufe kamfanin, kada ka sake buɗewa."

"In ba ka jirgi ɗaya?"

"In kai shi ina? Gona?"

Alhaji ya shiga lissafi. Babbar Salla ta kusa, duk tikitin an saye, Gauraka kuma ta samo sababbin masu zuba jari tana shirin dawowa. Idan ya rufe yanzu, hanyar da ya share da hannunsa ita za ta gada.

"Bayan Salla," ya ce.

"Kai ka san nisan da za ta iya jurewa."

Ya dawo gida bai ce wa kowa komai ba. Kullum da safe yakan leƙa falo ya ga Hajiya Kubura na ɗura wa Fadila kunu da cokali, rabi na zubowa. Wani lokaci jikin yarinyar kan jingina baya a hankali, kunnuwanta su motsa, sai ya duba agogo ya san jirgin Legas ne ya ɗaga. Daga nan ya fita ya amsa waya.

"Alhaji, ko kallonta ba ka yi sosai," in ji Hajiya wata safiya.

"Ana ƙoƙari," ya ce.

Ranar jajibirin Salla jiragen Shamuwa suka yi zirga-zirgar da ba su taɓa yi ba. Da la'asar hannayen Fadila suka saki cibiyarta, suka faɗi gefe. Masu wanka sun sha wahala kafin su miƙe ƙafafunta.

Bayan jana'iza ne Alhaji ya kira Kalilu soro ya faɗa masa komai, da murya irin ta mai karanta jadawalin tashi. Kalilu ya saurara har ƙarshe, ya miƙe, ya fita babu takalmi. Yau idan ka je tashar Daura za ka gan shi a bakin ƙofa, riga a yage, yana tare motocin da suka cika yana cewa, "Saura mutum ɗaya." Hajiya Kubura ta ji abin da ya faru daga bakinsa a kan titi. Ba ta yi kuka ba. Ta kwanta da zazzaɓi, ba ta kai arba'in ɗin 'yarta ba.

A lokacin Alhaji ya rufe kamfanin, lokacin da babu sauran mai saukowa. Masu jiragen haya suka kwashe nasu, ma'aikata suka watse, Gauraka ta ɗauke hanyar duka ta ninka farashi. Jirgi ɗaya ya rage, wanda ya saya da kuɗinsa, yana ajiye a gefen fili ciyawa na cin tayoyinsa.

To, mai neman cika ta kowace hanya, ka ji. Boka ba ya tambayarka abin da zai ɗauka, abin da za ka yarda da shi yake tambaya. Sauran kuma halinka ne zai miƙa masa. An ba Nu'uman ƙofar fita a buɗe, ya ce bayan Salla. Wanda ya bar Allah ya nufi gindin kuka, ya sani ba shi kaɗai zai biya ba.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Alhaji na zaune a tabarma a ƙofar gidan da babu kowa ciki, wata baƙar mota ta tsaya. Wani matashi ya fito cikin shadda mai maiƙo, waya biyu a hannu. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya yi gaisuwar rashi yadda ya kamata.

"Sunana Zakiyyu, daga Zango. Baba, jirgin nan naka da ke ajiye na zo saye. Ina son in kara da Gauraka." Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Amma ba jirgin kaɗai ba. An ce akwai hanyar da ka bi."

Alhaji ya ɗago ya dube shi.

"Kana da iyali?"

"Alhamdu lillahi, mata ɗaya da 'yan biyu."

Alhaji ya matsa gefe, ya bar masa wuri a tabarmar.