Ranar da Aka Buɗe wa Uwa Ido

"Wato sai an gyara idon Uwa za a ɗaura mana aure?"

Haka na tare Aƙilu a ƙofar gidanmu da ke Nassarawa GRA, raina a ɓace. Ya rantse ba ja min rai yake ba, amma ba zai iya angwancewa mahaifiyarsa tana makancewa a gidansa na Gawuna ba. Na ce to ya kai ta asibiti mana, ai ba a sama asibitin yake ba. Ya sunkuyar da kai ya ce ta ƙi, shi kuma ba shi da bakin lallashinta.

To nan gizo ke saƙar. Aƙilu ɗan fari ne, Uwa kuwa mutuniyar ƙauyen Ringim ce mai kunya irin ta da. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, in ya shigo gaisuwa sai ta fuskanci bango ta amsa a gajarce.

Ciwon kuma ba na wasa ba ne. Fatar idonta ce ta lanƙwashe ciki, duk ƙiftawa gashin ido ya goge ƙwayar. Kullum sai ta tsige shi da matsefata, ya sake tsirowa da kaifi. Likitar da ta taɓa duba ta ta ce sai an yi aiki, in aka ƙara jinkiri ƙwayar za ta yi fari, gani ya tafi ke nan.

Ni Maimuna ba a san ni da haƙuri ba. Na tari A Daidaita Sahu na nufi Gawuna ni kaɗai, na ajiye kunyar suruka a bakin ƙofa tare da takalmina.

Na same ta a ɗaki mai duhu, hawaye na bin kuncinta ba tare da kuka ba. Ta ce ta ji labari a asibiti ƙwaƙule ido suke su ajiye a faranti. Kuma ita ta tsufa, me ya rage ba ta gani ba a duniya?

Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba.

"Uwa, kin ga duniya, amma kin ga ɗanki?"

Na zata korata za ta yi. Sai ta ce a hankali, "Da ina satar kallonsa in ya juya zai fita... yanzu ƙeyar tasa ma ta ɓace min."

Wallahi sai da ta ba ni tausayi. Shekaru sama da talatin tana son yaron nan ta baya!

Ban bar ɗakin ba sai da ta yarda a yi mata aikin. Ranar aiki ni na riƙe mata hannu a wani asibitin ido da ke unguwarmu. Aka yi mata allurar kashe zafi, idonta biyu tana salati. Likita ta ɗan tsaga fatar, ta juyo da ita waje, ta ɗinke da zaren da ban taɓa ganin mai siranta irinsa ba. Ni da na zo ba da ƙarfin gwiwa, ni ce na koma karanta Hasbunallahu, ina mamakin abin da Allah ya sanar da ɗan Adam.

Washegari aka cire bandeji. Uwa ta ƙifta sau ɗaya, ta dakata tana jiran sukar da ta saba. Ba ta zo ba. Ta sake ƙiftawa, ta ce, "Ikon Allah..."

Aƙilu na tsaye bakin ƙofa, ya ba ta baya don kada ya takura ta.

"'Yata," in ji Uwa, "ki ce wa wancan ya juyo."

Ya juyo. Ta zuba masa kumburarrun idanunta, daga hularsa har gemunsa, ba ta kawar ba. Likita ma ta tsaya da almakashi a hannu. Ni dai na toshe bakina da mayafi, don kuka ya riga ya ci ƙarfina.

"Ashe hancin mahaifinsa ya ɗauko," in ji Uwa.

Aƙilu ya durƙusa a wurin yana sheshsheƙa kamar yaro. Uwa ta lalubo hannuna ta damƙe.

"Ku sa rana bayan Sallah. Ki riƙa kallar min shi da kyau, 'yata. Ni wannan kallon ya ishe ni."