Fuskar Da Ta Fito A Bidiyon Shekari

"Ke ce Hephzibah, 'yar Baba Bitrus?"

Lambar ban san ta ba, muryar ma ban taɓa jin ta ba. Ina tsaye a ƙofar gidanmu a unguwar Television ta Kaduna da bokitin wanki a hannu, na maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa.

"Ni ce. Wa ke magana?"

"Jar rigar nan ta yi miki kyau."

Bokitin ya suɓuce daga hannuna!

Na duba dama, na duba hagu. Mai rake yana tura baronsa, mata biyu suna zaɓen tumatir, ga wasu samari zaune a gindin mangwaro. Duk wanda na kalla sai in ga kamar shi ne.

"Bidiyon saurayinki da kika ɗora, ki goge shi kafin ƙarfe huɗu. In kin ga dama kuma ki bar shi. Mun dai san ƙofar."

Ƙit, ya kashe.

Yesu na... Da gudu na shiga gida.

Shekari ne saurayin nawa. Gyaran janareta yake yi a unguwar Nasarawa, amma waƙa ce a jininsa. Ba shi da kamfani, ba shi da ubangida, daga jitarsa sai ni. Shekara biyu ni ke riƙe masa shafukansa. Ni ke ɗaukarsa da wayata, in yanka gunduwa-gunduwa, in ɗora a TikTok da safe, a Facebook da yamma, cikakkiyar waƙar kuma a YouTube. Duk wanda ya yi kwament sai na ba shi amsa. Na roƙi ƙawayena na kwayar coci su yi rawa da amshin waƙarsa har suka fara ɓuya in sun hango ni. Duk da haka in mutum ɗari uku suka kalla, ranar biki muke yi.

Sai ga sabuwar waƙarsa. Ranar Asabar da safe na ɗauke shi a bayan tasha, yana jingine da bango yana kaɗa jita. Sakan talatin kacal. Kwana uku da ɗorawa, mutum dubu ɗari biyu suka kalla!

Na yi tsalle, na yi kuka, na ɗauka waƙar ce.

Sai da na zauna karanta kwament na ga kowa abu ɗaya yake faɗa: ku duba bayansa. Na mayar da bidiyon baya, na matso da shi. Can nesa, a bakin lungu, wasu mutum biyu suna finciko wani mai keke daga mazauninsa. Ɗaya ya ɗaga ƙarfe ya sauke masa. Ɗayan kuma ya juyo, fuskarsa ta fito tar, kamar hoton fasfo.

A gabana aka yi, ban gani ba. Shekari kawai nake kallo.

Cikin dubban kwament ɗin kuwa, akwai wani daga shafin da babu hoto babu suna: "Hephzibah ce ta ɗauka, 'yar Baba Bitrus na layin mai mangwaro a Television."

Baba yana tsakar gida yana gyaran rediyonsa lokacin da na faɗo. Tun da Mama ta rasu ni kaɗai ce a gabansa, kallo ɗaya ya yi mini ya ajiye sukudireban.

"Me ya same ki?"

Na faɗa masa komai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi ɗin. Tashi ya yi ya sa wa ƙofa sakata, ya dawo ya tsaya a kaina.

"Sau nawa na ce miki ki rabu da yaron nan?"

"Baba, ba laifinsa ba ne..."

"Laifin wa? Na ce miki mawaƙi ba miji ba ne, kika ce kin ji, ashe kina bin sa tasha-tasha da waya! Yanzu ga shi ya jawo mini 'yan ta'adda har ƙofar gida. Ki haɗa kayanki. Gobe da sassafe Zonkwa za ki, wajen gwaggonki. Shi kuma kada in ƙara ganin ƙafarsa a layin nan."

Bai rufe baki ba aka buga ƙofa.

Na ƙanƙame bayan rigar Baba kamar ƙaramar yarinya.

"Baba, ni ne, Shekari. Don Allah a buɗe."

Na tura masa saƙo tun shigowata gida, ashe a guje ya taho. Baba ya buɗe don kada mutane su taru. Shekari ya shigo da baƙin mai har gwiwar hannu, ya durƙusa ya gaida Baba, Baba ya kau da kai. Sai ya juyo wajena, idanunsa jajir.

"Ziba, sun taɓa ki?"

Na girgiza kai.

"Kawo wayar. Yanzu za mu goge."

"Shekari... shekara biyu fa. Jiya gidan rediyo suka nemi lambarka. Wannan ne karo na farko da aka san kana duniya."

"Ki goge, farin cikina. Me zan yi da mutum dubu ɗari biyu in aka taɓa mini ke?"

Hawaye suka rufe mini ido. Na buɗe shafin, na kai yatsana kan wurin gogewa. Ƙarfe uku saura kwata.

Aka sake buga ƙofa, a hankali wannan karon, tare da sallama.

Shekari ya ɗauki taɓarya ya tsaya a gabana. Baba ya leƙa ta kafar ƙofa, ya daɗe yana kallo, sannan ya buɗe. Wani dattijo ne mai furfura, da hula da carbi a hannu, takalminsa duk ƙura.

"Sunana Shehu, daga Unguwar Sanusi nake. Ku yi haƙuri na shigo muku ba sani. A wayar maƙwabcina aka nuna mini sunan gidan nan."

"Bismillah, Malam," in ji Baba, ya tura masa kujera.

Bai zauna ba.

"Mai keken nan na cikin bidiyo ƙanina ne, Zakariyya'u. Yau kwanansa huɗu a asibiti bai buɗe ido ba. Matarsa cikin wata takwas gare ta. Mun kai ƙara, an ce mana babu shaida sai bidiyon nan, kuma na asali ake so, wanda ba a yanka ba. Mutane sun fara gane fuskar yaron. 'Yata, don girman Allah kada ki goge."



"Malam," Baba ya ce a hankali, "na tausaya maka, Allah ya sani. Amma ita kaɗai gare ni. Ɗazu suka kira ta, suka faɗa mata kalar rigar da ke jikinta."

Malam Shehu ya dube ni, ya dubi jar rigar, ya sunkuyar da kai.

"To ba zan tilasta muku ba. Allah ya kare ta."

Ya juya zai fita.

"Dakata, Baba," in ji Shekari.

Ya ajiye taɓaryar, ya karɓi wayar daga hannuna. Na san wannan kallon nasa, shi yake yi in ya yanke shawarar da babu mai janye shi.

"Ziba, turo mini na asalin a wayata, ki goge naki gaba ɗaya."

"Me za ka yi?"

"Turo kawai."

Na tura. Ya jingina wayarsa a kan tukunya, ya zauna a ƙasa da hannunsa mai baƙin mai, ya shiga kai tsaye a shafinsa. Cikin minti ɗaya mutum dubu sun taru.

"Jama'a, Shekari ne. Akwai masu cewa wata yarinya ce ta ɗauki bidiyon nan. Ƙarya ce. Ni na kafa wayata a kan sanda na ɗauki kaina. Na asalin yana hannuna, yanzu zan kai wa 'yan sanda tare da yayan mutumin da aka sara. Zan cire waƙata daga kai, ba zan yi suna da jinin wani ba, amma hoton zai zauna. In akwai mai neman wani, ni zai nema. Shagona yana Nasarawa, kowa ya sani."

"Shekari, a'a!"

Na yi kansa, amma ya riga ya kashe.

"Ka haukace ne? Ka faɗa musu inda kake! Kashe ka za su yi, masoyina, kashe ka za su yi!"

Ya riƙe hannuwana biyu, a gaban Baba, abin da bai taɓa yi ba.

"Da ke suke nema, yanzu ni. Haka ya fi mini sauƙin numfashi."

Suka fita shi da Malam Shehu. Baba ya bi bayansu da kallo.

Washegari aka sa ni a motar Zonkwa. Kwana shida na yi a can, ban san ɗanɗanon abinci ba. Gwaggo ta yi ta addu'a a kaina. Duk awa sai na kira shi, in ya yi jinkirin ɗauka sai in sake kira.

"Abeg ka rufe shagon nan, ko na sati ɗaya ne."

"In na ɓuya, wajen wa za su koma nema, Ziba?"

Ranar Laraba da tsakar rana na kira sau tara, ba a ɗauka ba. A na goma muryar mace ta amsa, tana kuka. Christy ce, mai yi masa amshi, tare muke kwaya da ita.

"Hephzibah, ki zo... sun sare shi a shago. Muna asibiti."

Ban san yadda na iso Kaduna ba. Na dai san takalmi ƙafa ɗaya na shigo da shi.

A barandar asibitin Christy ta tare ni. Ta ce su biyu suka zo a kan babur, suka yi kamar sun kawo gyara. Ya kare wuyansa da hannu, addar ta sauka a nan. Masu shaguna suka yi ca, aka kama mai fuskar nan a wurin, shi kuma ya faɗi inda ɗan'uwansa yake. Tana gama faɗa sai ta zube a ƙasa ta riƙe ƙafata.

"Ni ce... ni na rubuta sunanki da layinku."

Na tsaya ina kallon ta.

"Wallahi ban san zai kai haka ba! So nake kawai Babanki ya ji kina tare da shi har yanzu, ya raba ku. Tun kafin ki san shi nake son sa, Hephzibah, bai taɓa kallo na ba..."

Na so in mare ta, hannuna ya ƙi ɗaguwa.

"Sake ni, Christy. Ki je ki faɗa wa Allah, ni ba yau ba."

Na tura ƙofar ɗakin.

Yana kwance, fuskarsa ta faɗa, an naɗe hannun hagunsa har kafaɗa. Yana gani na ya yi murmushi, kamar ba shi ba.

"Ina ɗaya takalmin, amarya?"

Na fashe da kuka na kifa kaina a gefen gadon.

"Ka cuce ni, Shekari... da ka mutu fa? Da ka mutu wa ka bar wa ni?"

"Ga ni ai, Ziba ta. Ki daina, kina sa ciwon yana tashi." Ya shafa kaina da hannun dama. "Kin ji Zakariyya'u ya farka? Jiya ya buɗe ido. Malam Shehu tun safe yake nan, shi ya ba ni jini."

"Hannun fa? Me likita ya ce?"

Murmushin ya ɗan ragu.

"Yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasuwa ba."

Da su yake danna tsirkiyar jita. Na toshe bakina.

"Muryar tana nan," ya ce. "Ke ma kina nan. Sai ki nemo mini mai kaɗa jita a shafin naki."

Aka yi gyaran murya a bakin ƙofa.

Baba ne, da rigarsa ta zuwa coci, da kular abinci a hannu. Na miƙe da sauri ina share fuska, don ban nemi izininsa ba na baro Zonkwa. Ko kallo na bai yi ba. Ya ajiye kular, ya jawo kujera ya zauna, ya daɗe yana duban bandejin.

"Wane hannu ne?"

"Na hagu, Baba."

"Da shi kake kiɗan naka?"

"E, Baba."

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Addar nan ta 'yata ce. A gabana ka karɓe ta, ina tsaye ban hana ka ba." Ya ja numfashi. "Na daman lafiya yake?"

"Lafiya lau, Baba."

"To miƙo shi nan."

Shekari ya miƙa. Baba ya riƙe da hannu biyu, bai sake ba.

"In an sallame ka, ka ce wa manyanka su zo su same ni. Ke kuma Hephzibah, kin tsaya kina kuka kamar an yi mutuwa, zuba wa mijinki abinci kafin ya huce."