Dutsen Dala Na Kaduna

A madubin mota Ramatu ta fara ganin idon Ladan. Lokacin nan Shari'a na sabuwa, maza a gaba mata a baya, shi kuma yana jan bas tsakanin Ƙaura da Zurmi. Duk Juma'ar da za ta gaida kakarta sai ta faɗa motarsa, kuma direban kirki ya fi duban madubi da duban hanya.

Wasa-wasa ya gano gidansu, ya raɗa mata suna Ta Madubi. Da waya ta shigo gari, saƙonsa ba ya yankewa a wayar yayanta. Akwai guda da ta haddace tsaf:

"Ta Madubi, in Allah Ya nufa aka ɗaura, zan kai ki Kaduna. Mu zauna bakin kogi mu sha askirim, sannan mu hau Dutsen Dala mu hangi gari. Naki, Ladan."

Ita da ba ta taɓa wuce Gusau ba, sai ta kwana tana murmushi.

Ana haka Na'Allah mai shagon yadi, wanda ya daɗe yana sonta ba ta kula shi, ya je ya tsegunta wa mahaifinta cewa Ladan ɗan duniya ne, babu wurin shaƙatawar da bai zaga da mata ba a Kaduna.

Mahaifin nata, Malam Sodangi, tsohon ma'aikacin reluwe ne, ba ya magana biyu. Ya ce kada ya ƙara ganin yaron a ƙofar gidansa.

Kwana huɗu Ramatu ba ta ci abin kirki ba. Tana sonsa, tana kuma tsoron zancen ya zama gaskiya, domin in ba haka ba, ina ya san wuraren nan? Ran na biyar ta durƙusa gaban uban, ta miƙa masa wayar.

"Baba, ga abin da yar rubuto min. In mutumin banza na, na haƙura."

Tsohon ya sa tabarau ya karanta, ya sake karantawa. Sai ga shi yana dariya har da tari.

"Ke ɗiyata, shekara goma sha biyu ni yi ina bin jirgi. Yaushe Dala tat tashi daga Kano tak koma Kaduna? A kira min shi."

Ladan ya zo ya tsuguna.

"Kai yaro, ina ka tsaya a Kaduna?"

"Baba, wallahi ko Funtuwa ban taɓa wucewa ba. Wajen fasinja nika jin labari. Na yi alkawali ba ni zuwa sai da matata."

"To ka turo magabatanka, kahin ka ɓatar min da ɗiya kana biɗar dutse."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Tsohon ya sa musu albarka, ya kuma zana musu hanyar Kano a bayan katin biki, don kada a yi abin kunya.

Ranar tafiya Ramatu ta nufi kujerar baya kamar yadda ta saba. Ladan ya buɗe mata ƙofar gaba.

"Nan a wurinki yanzu, Ta Madubi."

Ta zauna tana sunne kai. Ya kai hannu zai gyara madubi, sai ya fasa, ya juyo ya dube ta.

"Direba," in ji ta a hankali, "dubi hanya. Har yanzu ba mu ga Dala ba."