Igiyar da Jatau Ya Kwance

Ku matso kusa. Ke Lantana, bar taunar gyaɗar nan, kin cika mini kunne. Ɗazu na ji kina yabon farin dutsen da aka shimfiɗa a sabon masallaci, wai mabul, wai sanyi kamar randa. To ni ba na taka shi sai da bisimilla. Bari ku ji dalili.

Babana, wato kawunku Mato, ba ku san shi da haƙar rijiya ba, amma ita ce sana'arsa kafin a haife ku. Yana da amini, Jatau. Kwano ɗaya suke ci. Jatau ne ya yanka ragon sunana, Baffa nake ce masa.

Mahaƙan garinmu suna da ƙa'ida. Wanda zai shiga rami ya ɗaura igiya a ƙugunsa, na sama kuma ya ɗaura ɗaya bakin a nasa ƙugun. Ba a ɗaura wa itace, don kada na sama ya ce bari ya je ya dawo. Iskar ƙasan rijiya tana kisa, shiru, ba ko tari.

Wani rani suka karɓi aikin rijiyar makiyaya, can bayan tudu, nesa da gari. Baba a ƙasa, Jatau a sama. Ramin ya yi zurfi har bakinsa ya koma kamar faifai. Rana tsaka sai diga ta ce ƙwal. Baba ya share ƙasa da hannu. Dutse ne fari fat, da jijiyoyi baƙi-baƙi, yana ƙyalli kamar gishiri. Ya ɗora tafinsa. Ɗumi, kamar bayan akuya.

Ya ɗaga murya. "Jatau, mun faɗo gidan mutanen ɓoye. Jawo ni mu rufe."

Haka ake yi. In aka iske dutse mai ɗumi, a mayar da ƙasa, a ja baki.

"Wane iri ne?" in ji Jatau.

"Fari."

"Sako mini ɓallin da ya fita a guga."

Baba ya saka. Guga ya hau.

"Mato! Irin wanda 'yan kwangila ke nema ne. Kakarmu ta yanke saƙa."

"Ba namu ba ne. In ka kawo su, wallahi zan gaya wa maigari a hana."

Sai ƙasa ta ɗan zubo. Sai igiya ta faɗo masa a ka, gaba ɗayanta.

Ya yi kira har muryarsa ta dushe. Numfashi ya fara yi masa nauyi, kansa na juyawa. Ya zauna yana salati.

Sai ya ji ƙarni. Irin na ɗanyen kifi. A ramin da babu ko ɗigon ruwa.

"Sannu da aiki."

Iro, daina matse mini hannu, kai ka ce kana son ji.

Tsohuwa ce tsaye gabansa, da farin zane. Bakinta bai motsa ba, daga bangon ramin muryar ta fito. Baba ya sunkuyar da kai don ladabi, nan ya ga ƙafafunta. Farare ne, da baƙaƙen jijiyoyi. Babu inda suka ƙare, babu inda dutsen ya fara. A haɗe suke.

"Sannu, Inna," ya ce. "Ki yi haƙuri, ban sani ba."

"Na ji abin da ka ce wa na sama. Ka san abin da ka sara?"

"A'a, Inna."

"Nan teku ne a dā. Ƙananan halittu masu ɓawo suna mutuwa suna kwantawa, wani kan wani, har suka zama farar ƙasa. Ruwa ya tafi. Duwatsu suka hau kai suka danne. Wuta ta taso daga ƙasa ta gasa ta, ba ta narkar da ita ba. Ɓawon ya ɓace, ko ɗaya ba za ka gani ba. Baƙin nan laka ce da ta maƙale a tsakani. Ina nan aka yi duka."



Ta ce, "Ina mai riƙe maka igiya?"

"Tsinkewa ta yi, Inna. Ya tafi neman wata."

Kun ji fa. Yana bakin mutuwa, yana kare shi.

"Ɗauko bakin igiyar."

Ya laluba ya ɗauko.

"Igiyar da ta tsinke gashi take yi. Duba."

Bakin igiyar lafiya lau. Har da lanƙwasar ƙullin da Jatau ya saba yi. Kwancewa aka yi, a natse, da yatsu.

Baba ya ce mini bai ji tsoron tsohuwar ba kamar yadda ya ji ciwon bakin igiyar nan. Ya yi kuka, babban mutum.

"Hau kafaɗata," ta ce. "Kada ka dubi ƙasa."

Ya hau. Sanyi ƙalau. Sai ta fara tsawo. A hankali, a hankali, bangon rami na wucewa, har iska ta daki fuskarsa. Ya kama bakin rijiyar ya fito. Wani hannu ya biyo shi, ya ajiye ɗan farin dutse a gefensa, kamar ƙwan zabo.

"Ka kai wa amininka. Abin da yake so ne."

Yanzu ga abin da na gani da idona. Ina ƙarama a lokacin. Bayan la'asar Jatau ya shigo gidanmu, tufafinsa duk ƙasa, yana kuka da majina. Wai rijiya ta rufta da Baba, ya yi iya yinsa, ba a ko iya zuwa wurin. Innata ta faɗi sumammiya. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, mutane suna yi masa gaisuwa, shi ne babban mai rashi. Ni na kai masa ruwa a kwanon Baba. Ya shafa kaina ya ce, "Sahura, daga yau ni ne ubanki." Na rungume shi. Wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar in wanke hannuna da toka.

Ana shirin magariba aka yi sallama. Muryar Baba.

Zaure ya watse, wasu ba ko takalmi. Jatau ya kasa tashi. Baba ya shigo da igiya naɗe a kafaɗa. Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Ya ajiye bakin igiyar a gaban dattawa. Akwai tsofaffin mahaƙa a cikinsu. Suka duba, suka dubi Jatau.

Sai Baba ya miƙa masa dutsen. "An ce in ba ka."

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya sa hannun dama ya karɓa.

Kafin gari ya waye hannun ya yi fari har gwiwa, ya yi nauyi, jijiyoyinsa baƙi. Yatsun ba su ƙara lanƙwasa ba. Ko mazagin wandonsa sai an ɗaura masa. Da ya bar garin, ba wanda ya raka shi tasha.

Kuna jin an rama wa Baba ko? Hmm. Ni na zauna da shi. Ya sayar da digarsa. Bai ƙara cin abinci kwano ɗaya da kowa ba. Ranar da zai rasu ya tambaye ni ko an ji labarin Jatau, ko yana samun mai ba shi abinci a baki. Na ce ban sani ba, kuma ba na son sani. Ya juya fuska bango.

Ramin yana nan, ba a rufe ba. Kada ɗayanku ya bi bayan tudun shi kaɗai. In kun ji ƙarnin kifi, ku juya. Makiyaya sun ce da rana tsaka murya na fitowa daga ciki, a hankali, tana tambayar duk mai wucewa: "Wa ke riƙe maka igiya?"

Iro, tashi ka sa sakata.