Gurbin Motar Baba

Ku gafarce ni, ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya. In kun ci karo da kuskure, ku rufa mini asiri.

Auta tana wanke motar babanta da safe ta ji sallama a bayanta. Saura ƙiris bokitin ya suɓuce mata. Wani dogon saurayi ne rungume da kwali, ɗan sababbin maƙwabtan da suke tarewa a sashen gefe.

"Sannu da aiki. Don Allah ko za a ɗan matsar da motar nan mu sauke kaya?"

"Ba ta matsawa," in ji Auta, idonta a ƙasa.

"Lalacewa ta yi?"

"Ta Baba ce."

Ya yi murmushi. "To, a gaishe da Baba."

Ta ɗago suka haɗa ido, gabanta ya faɗi. Ƙofa ɗaya ta yi ta gogewa har ya shige.

Gidan haya ne mai sashe biyu, harabarsa kuwa mota ɗaya take ɗauka, a wani matsatsen gurbi tsakanin katanga da tankin ruwa. Baba tsohon direba ne, kuma duk layin an san da baya yake shigar da mota wurin nan, ko fenti bai taɓa gogewa ba. Amma motar ta daɗe ba ta fita ba, har tayoyinta sun kwanta. In an tambaya, sai ya ce inji ne. Auta kaɗai ta san idonsa ne ya yi rauni. Tun rasuwar mahaifiyarta su biyu ne a gidan. Ita take karanta masa saƙon waya, ita take taɓa masa gwiwar hannu in sun zo matakala.

"Uwata," ya taɓa ce mata, "ranar da mutanen layin nan suka san ba na gani, ranar na mutu a tsaye. Ki riƙe mini."

Ta riƙe masa, da tsoro a ranta kullum.

Mahaifiyar saurayin ma'aikaciyar jinya ce, kowa Sista yake ce mata. Motarta a titi take kwana, har wata babbar mota ta fasa mata madubi. Washegari ta tsaya a ƙofar su Auta.

"Malam, yadda kake haya haka nake haya. Motarka ba ta zuwa ko nan da can, tawa tana shan wahala a titi."

"Kafin a dasa tankin nan ina gidan nan."

"Ai ba gadonka ba ne."

"Ba kuma sadakinki ba ne."

Daga ranar gaisuwa ta mutu tsakanin sassan biyu. A waya ne kawai take da rai, tsakanin Auta da Dogo, kamar yadda ake kiran saurayin.

"Tsuntsuwata, yau ma kin firgita da na buɗe get. Ni ne fa, ba zaki ba."

"Dogona, ka daina tsayawa kusa da tagarmu. Baba ya san takunka."

"To in cire takalmi?"

"Ka cire kanka gaba ɗaya. Amma kada ka yi nisa."

Da Dogo ya turo kawunsa neman izini, Baba ko ruwa bai sa an kawo ba. "Gurbi suke so," in ji shi. "Sun rasa ta ƙofa, sun biyo ta taga."

Wanda ya ji daɗin haka shi ne Wakili, mai kula wa mai gida da hayar, wanda ya daɗe yana zagayen Auta da turarensa mai hawa kai. Kullum yana gefen Baba yana cewa, "In muka zama ɗaya, Baba, wa ya isa ya kalli gurbinka?"

Ana nan sai ga saƙon Dogo:

"Tsuntsuwata, na gano bakin zaren. Lalacewar motar nan ce ke ba Baba kunya, shi ya sa yake faɗa. Ranar da za ki raka shi awon jini ki bar mini makulli, in kai ta gareji. Ya dawo ya tarar tana aiki, ransa ya yi sanyi."

Auta ta karanta. In ta ce a'a, zai tambayi dalili. In ta faɗi dalili, ta ci amanar Baba. Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. A ƙarshe tsoro ya zaɓa mata mafi sauƙi, ta bar makullin a bayan tankin.

Da la'asar suka dawo. Baba ya miƙa hannu don ya shafa motarsa, kamar yadda ya saba in zai wuce. Ya ji ƙarfe da ɗumi, ya ji kuma ba ƙirar tasa ba ce. Ashe Sista ta taso daga aiki ta ga gurbi fayau, ta ɗauka Baba ne ya sauko, ta shigar da tata. Har ta fito da fara'arta.

"Malam, Allah ya saka da alheri. Ashe dai kana da kirki."

"Ina motata?"

Murya ce da Auta ba ta taɓa jin irinta a bakinsa ba. Kafin Sista ta amsa, Wakili ya ɓullo.

"Da idona na ga ɗanta ya sa an ja ta da safe. Sata ce ƙiri-ƙiri, Baba. In kira 'yan sanda?"

Maƙwabta suka fara taruwa, yara suka cika bakin get. Auta ta dubi Baba. A ranta tana ganin Dogo da ankwa, tana ganin Baba ya yanke jiki ya faɗi. Da ƙyar ta ce, "Baba, ni ce na..."

Sai aka ji hon. Motar Baba ce ta shigo layin da ƙarfinta, tana ƙyalli, Dogo a ciki. Sista ta dafe ƙirji, ta juya cikin kunya ta fitar da tata. Wakili ya mayar da wayarsa aljihu.

Dogo ya durƙusa a gaban Baba da makulli a hannu biyu. "Ka yafe mini, Baba, na yi gaban kaina. Ga ta nan lafiya lau. An ce babu mai shigar da mota gurbin nan kamarka. Ka nuna mana."

"Ƙwarai kuwa," in ji wani maƙwabci. "Tsohon direba, a nuna wa yaran zamani."

Abin da Auta take gudu tun farko ke nan. In Baba ya ƙi, za a tambayi dalili. In ya yarda, ga katanga, ga tanki, ga yara suna guje-guje a bayan mota. Ta kuma san babanta, gara masa ya shiga da ya ce ba zai iya ba.

Baba ya miƙa hannu. Hannun ya wuce makullin, ya kama iska, sannan ya laluba ya same shi. Babu wanda ya lura sai Dogo. Ya dubi Auta. Hawaye kawai take yi, ta kasa ko girgiza kai.

Baba ya riga ya kama hanyar ƙofar direba.

"Af, Baba, na sake yin rashin ladabi," in ji Dogo, ya sha gabansa. "Yaushe babba zai yi tuƙi yaronsa na tsaye? Gaskiyar ma ita ce ban iya shiga da baya ba. Ka zauna gefena ka koya mini, kada in fasa tankin nan Sista ta kore ni."

Mutane suka yi dariya. Baba ya jujjuya makullin a hannunsa. Can ya sakar masa makullin, ya zagaya. Ita ma ta faɗa kujerar baya, ba ta san ta shiga ba.

"A kori yaran nan," in ji Baba. "Karya kan motar gaba ɗaya hagu. A hankali, ba tsere ake ba. Saki. Ka ji ƙarar injin tana dawo maka? Katanga ce ta kusa. Tsaya."

Motar ta zauna daram a gurbinta. A waje ana ta tafi, a ciki Baba ya juyo wajen Dogo.

"Tun yaushe ka sani?" in ji Baba.

"Yanzu, Baba."

"Wa za ka faɗa wa?"

"Me na gani da zan faɗa?"

Baba ya daɗe yana shafa sitiyarin da hannu ɗaya. "Uwata, kukan ya isa haka, kin cika mini kunne. Kai kuma Dogo, ka ce wa kawunka ya dawo. Wannan karon akwai ruwa."

Ba a daɗe ba aka ɗaura aure. Baba ya ce amarya ba za ta tafi a motar kowa ba sai tasa, kuma in ta tafi kada a dawo masa da motar. Da bakinsa ya ce wa Sista ta shigo da tata, ko da yake har yau in tana shiga yakan ɗaga murya daga kujerarsa ya ce ta kusa cinye katanga, ita kuma ta ce ya ji da shayinsa.

Da za a tafi da Auta, ya riƙe hannunta ya ɗora a na Dogo. "Ga amanata nan. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari." Sista tana share hawaye ta ce amin, duk harabar ta amsa.

Ni kuwa da na ga hankalin kowa ya koma kan amarya, na lallaɓa ta bayan masu ɗaukar hoto na fice.