Jirgi a Gonar Kubra

Ranar Juma'a, cikin kakar 1957, jirgin sama ya sauka a gonar waken Kubra.

Kasuwar Dogon Dutsi ta watse. Mazan da ke cika baki a gindin itacen bedi duk suka tuna suna da aiki cikin ɗaka. Kubra kaɗai ta nufi jirgin, don waken nata ne. Bazawara ce, shekara uku da rasuwar mijinta, kuma tun tana yarinya tambaya ce cutarta.

Baturen da ya fito yana ta magana da hannu. Aka aika garejin kumandan, Baturen mulki, aka kira Mani, tsohon soja mai gyaran mota, wanda ya yi shekara tara a Dakar yana kwance wa Faransawa injin jirgi yana ɗaurawa.

Ya iske mace tana leƙen ƙarƙashin fiffike.

"Ke! Ja baya!"

"Kai dai ka ja jirginka baya. Wagga gonata ta."

Ya buɗe injin. Ta matso har yana jin ƙamshin man shanun kitsonta.

"Mi ka riƙe shi sama?"

"Gudu."

"To in hadari ya rufe gari, can bisansa mi ag akwai? Duhu na, ko rana tana nan?"

Mani ya tsaya da sifana a hannu.

"Ban sani ba."

"Shekara tara da jirgi, an ce... kuma ba ka sani ba?"

"Ba a taɓa ce mini hau ba."

"Kai kuma ba ka tambaya ba!"

An zage shi da Faransanci, an zage shi da Bambaranci, babu wanda ya yi masa zafin wannan.

Kafin la'asar injin ya tashi. Baturen ya daɗe yana kallon hannun Mani. Bayan wata guda sai ga takarda daga Yamai: kamfanin da ke da jirgin zai koya wa baƙar fata ɗaya tuƙi. Sharaɗi guda ne, ya kawo takardar haihuwa da ta nuna bai kai arba'in ba.

A cikin watan nan Mani ya je gyara kunyar waken da jirgi ya tattake har sau goma sha ɗaya. Kunya huɗu ce.

"Tsohon soja, gonar ta warke," in ji Kubra.

"Ni ne ban warke ba, mai wake."

"A'a! Ashe bakin yana aiki..."

"Zan tai in koyi jirgi. In na dawo..."

"In ka dawo ka tsuhe. Aure ni tukuna, hasken idona, ka tai kana da wadda za ka kawo wa labari."

Mahaifinta, Ɗanmalam, bai ko taɓa goron da aka kai masa ba.

"Mutum da furfura a gemu shina son wasan tsuntsaye? Wanga yaro na, girman jiki gare shi. Ɗiyata ta ba ƙasa miji guda, ba ta ba sama na biyu."

Maganar ta zaga gari, ta isa kunnen Tukur, tafintan kumandan. Sau biyu Tukur yana aika wa Kubra goro, sau biyu yana dawowa. Mutum ne mai ilimi, irin ilimin da ke sanin inda katanga ta fi laushi.

A lokacin ba a rubuta haihuwa. Mai neman takarda dattijo yake kawowa gaban kumandan ya faɗi shekarar da aka haife shi, shekarun kuwa da sunan masifa ake kiransu. Dattijon Mani kawunsa ne, Rabo. Tukur ya same shi a zaure.

"Baba Rabo, ka ji Ɗanmalam ya ce ɗanka yaro na? Gobe shina wurin. Ka girmama shi gaban mutane."

Ba ƙarya ya sa shi ba. A Arewa wanda aka ƙara wa shekaru an ƙara masa rawani ne.

Washegari Rabo ya sa babbar riga, ya tsaya gaban tebur, ya kalli Ɗanmalam.

"Mani? Kafin yunwar Kakalaba anka haife shi! Da ƙafafunai ya bi mu tonon gidan tururuwa!"

Tukur ya fassara. Tun da ya fara aikin, ran nan ne kaɗai ya fassara magana bai rage ko wasali ba.

Kumandan ya ƙirga a yatsu. Arba'in da shida. Ya ce za a buga hatimi in ya dawo daga rangadi.

Mani yana jin Faransanci sarai. Ya sunkuyar da kai.

Kubra ta tare shi a bakin gareji, idonta jawur.

"Don mi ba ka yi magana ba?"

"In ƙaryata ƙanen uwata gaban Nasara?"

"Sai ka bar jirgin?"

"Na bar shi."

"Ni ban bar shi ba! Ina da tambaya can sama!" Ta share ido da gefen zane. "Wa ya yanke maka cibi?"

"Mi?"

"Cibi, masoyina. Ba maza ka haihuwa ba. An tambayi mace ko guda?"

Babu wanda ya tambaya. Ba a saba ba.

Ungozomar, Ajuma, ta koma Lugu wurin jikokinta. Kubra ta ɗaura wa jaki akumari ba ta sallami kowa ba. Kwana biyu zuwa, kwana uku dawowa, don tsohuwa ce kan jakin, ita tana ƙasa.

Ran da kumandan ya dawo, ya iske wata tsohuwa kamar busasshen kara zaune a ƙofar biro, wato ofishinsa. Rabo yana nan, Ɗanmalam yana nan, rabin gari yana nan.

"Shekarar Marisuwa na yanke cibinai," in ji Ajuma. "Shekarar tarin nan da ya kwashe mutane. Da safe na wanke shi, da marece na wanke uwatai."

Tukur ya buɗe baki, ya ga idon Mani a kansa, ya fassara daidai.

Kumandan ya ajiye alƙalami. Tarin nan ya shiga ƙasarsu ma, ya san shekarar ba sai ya duba littafi ba. Talatin da tara.

Rabo ya miƙe.

"Ashe ni maƙaryaci na?"

Mani ya ji da ma ƙasa ta tsage.

"Zauna, Rabo," in ji tsohuwa. "Gaskiya ka faɗi. Wancan mai tonon tururuwa yayanai na, shi ma Mani. Yunwa ta ɗauke shi, anka maida sunan ga wanga."

Rabo ya kaɗa kai a hankali.

"Haka na... Allah shi jiƙan yaron."

Ko an taɓa yin wannan yayan? Mani ya kalli Kubra. Ya ga tambayar ta taso mata har maƙogwaro, ya ga ta haɗiye ta. A nan ya san zurfin son da take masa.

Ɗanmalam ya karɓi goro a makon.

"Ɗiyar da ta tai Lugu da jaki saboda namiji, hana ta sai Allah."

Mako bakwai suka yi a ɗaki ɗaya. Ta tambaye shi dalilin da teku ke da gishiri, ta tambaye shi ko Nasara na yin atishawa. Ran tafiya ta riƙe ƙofar kamyo, babbar motar da za ta kai shi Yamai.

"Ka duba mini, ka ji? Kada ka tambayi Bature. Da idonka."

"Da idona, mai wake."

A Yamai yaran da ya girme wa shekara goma sha biyar suka zama malamansa, suna ce masa Baba in sun ga dama. Ya haddace littattafai, ya faɗi jarrabawar lissafi, ya sake. Cikin rani ya fara tashi. Ya rubuto mata cewa daga sama kogi kamar zare yake, shanu kamar ƙwarƙwata. Ta sa aka rubuta masa amsa layi ɗaya: "Ba wannan na tambaye ka ba."

Ina zai samo hadari a tsakiyar rani? Ya ce ta jira damina.

Sanƙarau ba ya jiran damina. Cikin bazara ya shiga Dogon Dutsi, ya yi kwana uku a gidan Ɗanmalam. Takardar mutuwar Kubra ta fito daga biro, da hannun Tukur, rubutu mai kyau, babu kuskure ko ɗaya.

Mani ya zo ya ga kabari gabas da gonar wake, ya koma. Mutane suka ce ya yi haƙuri. Mutane ba su da abin da ya fi wannan araha.

Ranar da ya fara ɗaukar jakar wasiƙu zuwa gabas, an kwana ana ruwa, gari ya rufe ruf. Baturen da ke gefensa ya nuna sama da babban yatsa. Mani ya ja sanda. Tokar hadari ta haɗiye su, ruwa na gudu a gilashi, jirgi na karkarwa kamar jaki a bakin rafi.

Sai suka ɓulla bisan hadarin.

Ya daɗe bai ƙifta ido ba. A lissafinsa, Dogon Dutsi na ƙarƙashinsu daidai, da gonar wake, da abin da ke gabas da gonar.

Ya yi shekara goma sha shida yana tuƙi. An tambaye shi labarin jirgi a zaure da wurin suna da wurin makoki, ya ba kowa. Amsar nan guda ce bai ba kowa ba, don mai ita ba ta karɓa ba.

Rana tana nan, Kubra. Ko ran da gari ya fi duhu, tana nan.